Banki ko kwamfuta? Kafin a sayar da sa a biya kuɗɗin makaranta



Sakamakon bak ya fito, an yi guɗa, an sha barka, an raba lemu. Yanzu gida ya yi tsit, saura tambayar da ta fi jarrabawar kanta wuya: to, sai ina? A ƴan shekarun nan amsa biyu ce ta cika bakin ɗiyanmu tun daga Yamai har Damagaram. Wannan ya ce shi banki zai karanta, wancan ya ce shi anformatik. Iyaye kuma su ce madalla, don kowa ya ga ma'aikacin banki da taye a wuya cikin sanyin kilim, kowa kuma ya ji labarin wani yaro da ke zaune ɗakinsa gaban ordinater ana turo mishi dalar Amurka.

Ni ban zo in hana kowa ba. Fannonin biyu suna da kyau, ƙasar tana bukatarsu. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke zaɓen. Muna zaɓen suna, sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe kan allon ƙofar makaranta, ba mu tambayar mi yaron zai iya yi da hannunsa ranar da ya fito. Kuma kuɗɗin da ake zubawa ba na wasa ba ne. A makarantu masu zaman kansu jaka ɗaruruwa ne kowace shekara, ban da haya, ban da abinci, ban da kuɗɗin kabu-kabu. A gidaje da yawa wannan sa ne aka kai kasuwa, ko buhunan aya da wake da aka so a ajiye har bazara, ko adashin uwa na shekara guda. Shekara uku a haka. In aka yi kuskure a nan, ba yaron kaɗai ke biya ba, ƙannensa ma suna biya.

Mu fara da banki. Bankunan ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai ashirin ba: su SONIBANK, BIA, BOA, Ecobank, BAGRI, Coris, Orabank, BIN da ƴan kaɗan. Mafi yawan rassansu suna Yamai, a jihohi sai manyan garuruwa. Ka zauna ka ƙirga kujerun da ke cikin reshe guda na garinku, ba za ka gaji ba. Sannan ka ƙirga makarantun da ke yaye ɗalibai da takardar banki da harkar kuɗɗi kowace shekara. Ba sai an je jami'a za a gane lissafin bai hau ba. Wanda ya samu kujerar kuma ba tashi zai yi ba sai ritaya. Ga shi aikin gishe, wato karɓa da biya, wanda shi ne yaro ke gani har ya yi sha'awa, shi ne aikin da wayar hannu ke cinyewa kullum. Da can sai ka bi layi a NITA ko Al Izza ko Amana ka aika kuɗɗi ƙauye, yau da yawa daga cikinmu muna kwance muke aikawa da MyNita ko Airtel Money.

Amma wannan bai ce aikin kuɗɗi ya ƙare ba. Ya koma bayan labule ne, inda mai shigowa ba ya gani. Duk daren Allah akwai wanda ke zaune yana daidaita abin da ya shiga da abin da ya fita a ɗaruruwan rassa, har sai dala ba ta ɓata ba. Akwai mai duba takardun wanda ya zo neman bashi, ya karanta lissafin kasuwancinsa ya ce wannan zai iya biya, wannan ba zai iya ba. Akwai mai bin sawun kuɗɗin da ba a san asalinsu ba, don doka ta tilasta wa bankuna da kamfanonin aika kuɗɗi su kai rahoto ga CENTIF. Akwai mai tsare na'urorin daga ɓarayin intanet. Waɗannan su ne ba a samu da sauƙi, kuma kowannensu abu biyu ya riƙe: ya san lissafi, ya san na'ura. Shi ya sa tambayar "kuɗɗi ko kwamfuta" ni a wurina ta soma tsufa. Wurin da suka haɗu, nan aikin yake.

Kuma abin da muke kira "karatun kuɗɗi" ba abu ɗaya ba ne, a nan yara da yawa ke faɗawa rami. Ilimin tattalin arziki, wanda ake yi a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko a Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, karatu ne na fahimtar yadda ƙasa ke tafiya: hauhawar farashi, bashin gwamnati, darajar kuɗɗi, ciniki tsakanin ƙasashe. Ilimi ne mai daraja, amma cike yake da lissafi da ƙididdiga, kuma lisansi kaɗai ba kasafai ke kai mutum inda yake hange ba. Mai son BCEAO ko ma'aikatar kuɗɗi ko hukumar ƙididdiga ta INS ya ɗaura ɗamarar masta da konkur, wani lokaci har da zuwa CESAG a Dakar ko ENSEA a Abijan. Tafiya ce mai nisa, kuma ya kamata gida su san haka tun ran farko.

Kwantabilite kuwa, wato aikin akanta, daban ne. Ba shi da ƙyalli, yara ba su cika yin fahari da shi ba, amma ni in za a tambaye ni shi ne mafi faɗin ƙofa. Banki guda nawa? Amma kowane kamfani, kowane asibitin kuɗɗi, kowace ƙungiya mai zaman kanta, kowace ma'aikatar magajin gari, kowace makaranta, suna bukatar mai riƙe musu littafi. Tsarin da ake koyarwa, SYSCOHADA, wanda aka sabunta ya fara aiki a 2018, shi ne ƙasashe 17 na OHADA ke amfani da shi. Ma'ana abin da ka koya a Tawa ko a lise teknik Ɗan Kasawa na Maraɗi zai yi maka aiki a Kwatano, a Lome, a Njamena, a Duwala. Mai dogon buri kuma hanya a buɗe take har ya zama ƙwararren akanta mai rajista a ONECCA, ya buɗe ofishin kansa.

A nan zan ɗan tsaya kan Maraɗi, don misalinta ya shafi kowa. Garin alhazai ne, dukiyar da ke juyawa tsakanin Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya da Kano kowa ya san ba kaɗan ba ce. Shekara da shekaru ana riƙe wannan ciniki da ka, da ɗan littafi, da amanar yaron gida. Yau zamani ya canza. Hukumar lanho tana neman rasit na na'ura mai tambarin shaida, duwan ta koma kwamfuta, banki ba ya ba da bashi sai ya ga lissafi a rubuce. Alhaji mai tirela goma yana bukatar wanda zai riƙe mishi wannan, wanda ya san Faransancin takarda kuma ya san Hausar kasuwa, ya san yadda naira ke hawa da sauka gaban sefa. Haka ɗan kasuwar albasa a Galmi, haka mai fataucin dabbobi a Damagaram, haka ƙungiyoyin manoman rake a Matamai. Sai dai yaranmu da yawa suna ganin wannan ƙasƙanci ne, wai shi mai lisansi ya zauna shagon alhaji. Sai ya gwammace ya yi shekara huɗu yana yawo da takarda cikin ambulan daga ofis zuwa ofis a Yamai. Wallahi wannan tunanin ya cuce mu.

Kar mu manta kuma, tun 1991 aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, asusun mata na tari da bashi wanda daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Ashe dabarar kuɗɗi ba baƙuwarmu ba ce. Abin da ya rage shi ne ɗiyan waɗannan matan su zo da ilimin da zai ɗora a kai.

Wasu iyaye suna ƙyamar karatun banki saboda riba, kuma damuwarsu abin girmamawa ce, ba abin dariya ba. Gare su nake cewa ilimin lissafin kuɗɗi ya fi banki faɗi nesa. Akwai kuma tsarin kuɗɗi na Musulunci, BIN tana aiki da shi, wasu bankunan ma sun buɗe mishi sashe. Yarinya ko yaro na iya karanta kwantabilite ya yi aikinsa har ya tsufa bai taɓa rubuta ruwan bashi ba.

To, anformatik fa? Nan ruɗun ya fi yawa, don kalmar ta zama buhu, kowa abin da ya ga dama yake zubawa ciki. Mai koyar da buga takarda a Word ya ce anformatik yake koyarwa. Mai gyaran waya ya ce ɗan anformatik ne. Duk sana'o'i ne na halal, amma ba su ne ake biyan kuɗɗin shekara uku a kansu ba. Abin da ake nufi a jami'a shi ne rubuta manhaja, ko shimfiɗa rezo da kula da shi, ko tsara rumbun bayanai, ko tsaron na'urori. Kowannensu yana son kai mai son warware matsala, mai haƙurin zama awa biyar kan kuskure ɗaya har ya gano waƙafi ne ya ɓata. Yaron da ke son waya ba lalle ne yana son wannan ba. Iya TikTok ba alama ba ce, jama'a.

Akwai gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin ko dala. Tsakanin fitowar sakamako da buɗe rajista akwai makonni. Yaro ya ɗauki wayarsa ko ya ari ordinater, ya nemi darussan farko na Python, kyauta suke a intanet da Faransanci, ya yi sati uku yana bi. In ya ga dare na yi bai sani ba, to ya samu hanyarsa. In kuwa kwana uku ya ji kamar an ɗaure shi, ya gode wa Allah da ya gane tun ba a sayar da san ba. Haka mai son kwantabilite: ya je shagon kawunsa ya riƙe mishi lissafin wata guda a Excel, shiga da fita da bashi, ya ga ko ransa na so.

Wuraren karatun suna nan. EMIG a Yamai tana horar da injiniyoyi, akwai IAI, akwai makarantar koyon aikin sadarwa, akwai sashen kimiyya da fasaha na Abdu Mumuni da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram tun 2010 suke, kowace da IUT ɗinta mai gajeren karatu na sana'a. Ta Doso, wadda aka kafa a 2014 tare da na Agadas, Difa da Tilaberi, ta karkata ga fasahar sadarwa. Ba dole sai Yamai ba, ba dole sai waje ba. Amma ko ina ne, yaro ya shiga ya ga ɗakin kwamfutar da idonsa. Na'ura nawa ke aiki? Ɗalibi nawa ke kan kowace? In wuta ta ɗauke mi ake yi? Akwai wuraren da ake koyar da rubuta manhaja da alli a kan allo, ɗalibi ya kwafe a kaye, ya haddace, ya ci jarrabawa, ya fito bai taɓa ganin abin da ya rubuta ya yi motsi ba. Wannan kamar koyon tuƙi ne a kan tabarma.

Maganar zama gida ana yi wa Turawa aiki kuwa, gaskiya ce, akwai masu yi. Amma a gaya wa yaro sauran labarin. Yana takara ne da ɗan Indiya da ɗan Legas da ɗan Nairobi, yana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa da rezo mai ƙarfi, kuma karɓar kuɗɗin ma wani aiki ne. Zuwan Starlink a 2025 ya sauƙaƙa wani ɓangare, bai sauƙaƙa duka ba. Ga kuma su ChatGPT da ke rubuta ƙananan manhajoji cikin minti guda, aikin da da can ake ba sabon shiga ya ci abinci. Wanda ya haddace kawai, na'ura ta riga shi. Wanda ya fahimci tushen abin, shi ne zai gane inda na'urar ta yi shirme ya gyara. Kuma Turancin Ingilishi ba zaɓi ba ne a wannan fanni, kusan duk littattafan aikin da shi aka rubuta su. Mu da muke maƙwabtaka da Katsina da Sakkwato da Kano ba mu da uzuri a nan.

Ni kasuwar da na fi hange tana nan gida. Kundin da aka kafa a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Mutanenmu da yawa ba su karatun boko, amma kowa ya iya tura saƙon murya a WhatsApp. Wa zai yi musu manhajar ajiya da biya mai magana da Hausa ko Zabarmanci? Wa zai yi wa mai shago abin riƙe bashin kwastomominsa, wa zai yi wa ƙungiyar mata abin ƙirga asusu? Ba wani daga Faris ko Dubai ba ne zai zo ya yi. Sai ɗan gida wanda ya san yadda ake cin bashi a kasuwar Dole, kuma ya iya rubuta manhaja.

To ni mi nake ba da shawara? Ga ra'ayina, kuma na san akwai malamai da za su ƙi shi. Wanda ya fito da bak C ko D ko E kuma lissafi na yi mishi daɗi, ya ɗauki abu mai wuya tun yana da ƙarfi: lissafi da anformatik, ƙididdiga, ko aikin injiniya. Daga can in ya so shiga harkar kuɗɗi, shekara ɗaya ko biyu ta masta ta ishe shi, kuma bankin da kansa zai neme shi. Amma wanda ya fara da jestiyon ya ce daga baya zai koma injiniyan manhaja, hawan dutse ne. Daga lissafi zuwa kuɗɗi gangara ce, daga kuɗɗi zuwa lissafi ba haka ba. Mai bak G2, ko mai D da lissafinsa ke tsaka-tsaki, ya riƙe kwantabilite da kyau, ya ƙware a Excel da Sage, ya ƙara da ɗan sanin rumbun bayanai. Mai bak A da ya gudu daga lissafi tun kwaleji kuwa, kar a tura shi tattalin arziki don kawai sunan ya yi daɗi a kunne, shekarar farko za ta kayar da shi. Dokar kasuwanci tana nan, harkar ciniki da talla tana nan, bankuna da kamfanoni suna ɗaukar masu su.

Wannan ma ya nuna zaɓen ba bayan bak ake yin shi ba. Tun ranar da aka ci birbe aka raba yara, wannan ajin A wancan ajin C, aka rufe wasu ƙofofi ba tare da an gaya wa kowa ba. Ƴan mata sun fi shan wannan. Sau da yawa yarinya mai kan lissafi sai a ce mata C ta maza ce, ta bi A ta huta. Tun ran gini ran zane. In akwai ƙanwa a gida da ke shirin shiga lise, yau ne ranar yin wannan magana da ita, ba bayan shekara uku ba.

Iyaye kuma, kafin ku ƙirga kuɗɗi ku miƙa, ku tambaya, ba rashin kunya ba ne. Makarantar tana da izinin gwamnati kan wannan fannin takamaimai, ba izinin buɗe ƙofa kawai ba? CAMES ta amince da takardar? In BTS ne, ɗalibansu nawa suka ci na gwamnati bara? Suna nema wa ɗalibi wurin istaji ko shi zai yi ta yawo? Sannan ku ce a haɗa ku da tsofaffin ɗalibai uku da suka fito shekara biyu da ta wuce, ku ji inda suke. Makarantar kirki za ta yi murna da wannan tambaya. Wadda ta fara kame-kame ta ba ku amsa ke nan. Jami'ar gwamnati ta fi araha nesa, ga damar buris na ANAB ga wanda ya cika sharaɗi, amma a shiga da sanin cewa cunkoso da yajin aiki kan sa shekarar karatu ta zarce watanninta. Gida su yi lissafin wannan ma.

Sai dai bai kamata duk nauyin nan ya zauna kan uban da bai taɓa shiga lakkol ba. Yaya za a ce manomi daga Tasawa ya bambance takardar da ke da daraja da wadda ba ta da? Wannan aikin hukuma ne. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta san makarantun da ta ba izini da fannonin da ta amince da su. A wallafa jerin kowace shekara kafin buɗe rajista, a karanta shi a gidajen rediyon gari da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, ba a liƙa shi a bangon ofis a Yamai kawai ba. A tilasta wa kowace makaranta, ta gwamnati da mai zaman kanta, ta faɗi ɗalibi nawa ta ɗauka, nawa suka gama, nawa suka samu aiki. ANPE kuma, tun da ta nan ake bi da sanarwar ɗaukar aiki, ta faɗa mana fannonin da kamfanoni suka fi nema. Bayanan suna hannunsu. Ɓoye su ba ya amfanin kowa sai mai sayar da suna.

Kuma abin ya wuce gida guda. Wanda ya ga layukan bankuna bayan takunkumin 2023, lokacin da mutum ke da kuɗɗi a asusu amma ba ya iya cirewa yadda yake so, ya ga yadda rayuwarmu ta rataya kan tsare-tsaren da kaɗan daga cikinmu suka fahimta. Yau ana ta muhawara kan makomar sefa, man Agadem na bin bututu zuwa teku, matatar SORAZ na aiki tun 2011. Ko mi aka yanke kan waɗannan, sai an samu ƴan ƙasa masu iya karanta kwangila su gano inda aka danne mu, masu iya ƙirga ganga, masu iya riƙe na'urorin biyan kuɗɗi in na waje sun janye. Tarin takardu masu kyan suna ba zai yi wannan ba.

Saura ku yayyenmu da kuka riga kuka shiga aiki, kwantabul ne kai, ko mai kula da rezo, ko mai duba bashi a banki, ko ke da ke rubuta manhaja. Ƙannenku ba su san mi kuke yi daga safe zuwa yamma ba, taye kawai suke gani. Kafin a rufe rajistar bana, ku ware Asabar guda ku koma lisen da kuka fito, ko fadar unguwarku, ku zauna da sababbin masu bak da iyayensu. Ku gaya musu abin da kuka karanta, shekara nawa kuka yi kafin albashin farko, istaji nawa kuka yi ba biya, da darasin da ya fi yi muku amfani a wurin aiki. Wanda ya shirya yin haka a Maraɗi, Damagaram, Tawa, Kwanni ko Yamai ya rubuta mana sunan garinsa da fanninsa a ƙasa, mu haɗa shi da ɗaliban da ke kusa da shi.